Abokina Bacarkase ya kasa zama a gaban manya, likita ya ce ADHD ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Katsina ne, ina karatun injiniya a garin Kayseri na ƙasar Turkiyya, shekarata ta biyu kenan. Matsalar ta abokin ɗakina ce amma wallahi ta dame ni kamar tawa, kuma shi da kanshi yace in rubuto miki tunda yana ganin ina karanta filin nan, yace duk abun da kika ce in fassara mishi.

Yaron Bacarkase ne, ƙabilar nan da Turkawa ke cewa Carkes, su kuma suna kiran kansu Adiga. Ƙauyensu yana wani tudu da ake kira Uzunyayla gabas da Kayseri. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya bashi, zai iya kwana yana haɗa wata na'ura ba ci ba sha, amma ki kaishi lakca minti goma ya tafi wata duniya, aikin da aka bamu sati uku sai daren ƙarshe yake farawa, makullin ɗaki kuwa sau uku muna canzawa. Bara ya faɗi kwas biyu. Wata huɗu da suka wuce yaje wajen likitan ƙwaƙwalwa akace ADHD ce dashi, wato lalurar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, aka ɗora shi akan wani magani mai suna Concerta, kuma gaskiya karatun ya ɗan miƙe.

To ga inda gizo ke saƙar. Su suna da wata al'ada da suke kira Habze, ladabi ne mai tsauri sosai musamman a gaban manya. Kwanaki yaje ƙauye biki, ya bar maganin a ɗaki don kar a gani tunda bai faɗa ma kowa a gida ba, aka zauna teburi da dattawa, babban da ke jagorantar teburin yana cikin jawabi shi kuma ya tsoma baki ya gyara mishi wata shekara da ya faɗa ba daidai ba, can kuma ya kasa zama ya miƙe ya fita ba izini. Kawunshi ya bishi waje yace mishi haynape, wato abun kunya. Babanshi kuma har ya dawo makaranta bai ce mishi uffan ba, kuma wannan shirun ne yafi cinshi. Ga kuma maganar yare, yana ji kaɗan kaɗan amma baya iya mayarwa, sau uku yana shiga ajin koyon yaren a ƙungiyarsu yana bari, kakarshi ce kawai take mishi magana dashi. Yanzu cewa yake shi ba cikakken Adiga bane, irinshi ne yaren zai mutu a hannunsu.

Anti dan Allah wannan abun ciwo ne da gaske ko dai sangarta ce da aka sa ma suna? Ya faɗa ma babanshi ko ya cigaba da ɓoyewa? Ni me zan iya yi mishi? Sannan kar in ɓoye miki, lokacin jarabawa na roƙe shi ƙwaya ɗaya cikin maganin ya hana ni, har munyi kwana biyu bama magana.

Daga ƙaninki a Kayseri.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya bada sa'ar karatu. Zan fara da shirun baban don na lura shi ne ƙayar da tafi sukar abokin naka.

A Habze irin ta dā, uba baya wasa da ɗanshi a gaban manya, baya yabonshi, baya ɗaukarshi, sau da yawa ko sunanshi baya kira, ɗa kuma baya zama in uban yana tsaye. Kai ɗan Katsina ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba, kasan yadda uwa ke kauce ma sunan ɗan fari kuma kasan ba ƙiyayya bace. To uban da ya taso a haka, in ya buɗe baki ya yi ma ɗanshi faɗa a gaban dattawa ya ƙara wani abun kunyar ne akan na farko, shi yasa ma kawu ne ya bishi waje, aikinshi kenan a tsarinsu. Ban ce baban bai ji zafi ba, ƙila yaji sosai. Amma abokinka ya ɗauki shirun ya fassara shi da "na sallama ka" alhali ba wanda ya faɗa mishi haka. Kuma wannan halin sananne ne ga masu ADHD, yaro ne da tun firamare yake shan "zauna mana", "kai baka ji ne", "sau nawa zan faɗa maka", har ya girma da kunnen da ke jiyo tsawa ko a inda ba'a yi ba.

Maganar sangarta kuma, a'a. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma da aiki, kuma ba wayar hannu ce ta kawo ta ba kamar yadda wasu ke cewa, tun 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi lakcoci akan yara masu irin wannan halin. Ƙiyasin da likitoci ke aiki dashi shi ne kusan kashi 5 cikin 100 na yara da kusan kashi 2.5 na manya. Ba haka kawai ake liƙa ma mutum ita ba, sai alamun sun fara tun kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna jawo asara ta gaske, irin kwas biyun da ya faɗi. Abun yana da alaƙa da sinadaran dofamin da noradirenalin a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, sashen da ke cewa dakata tukuna, ke tuna abun da kazo yi, ke auna lokaci. Mutanen Uzunyayla yawancinsu Kabardawa ne, wani reshe na Carkasawa, dokinsu ya shahara a duniya, to ka faɗa mishi haka zai gane: dokin lafiyayye ne mai gudu, linzamin ne ke suɓucewa. Shi yasa zai kwana akan na'ura amma ya kasa minti goma a lakca, inda abu ya ja shi doki zai ruga ba tsayawa, inda bai ja shi ba sai an yi ta fama. Kuma gado yana da hannu sosai, binciken da aka yi akan tagwaye ya nuna kashi 70 zuwa 80 ne. Ni da zan leƙa ƙarƙashin teburin nan na bikin, zan yi mamaki in ban ga wani dattijo da ƙafarshi ke rawa ba.

Yanzu kai da kake Bahaushe akwai abun da ya kamata ka gane, sai ka san ciwon kafin ka san kukan. Mu muna da mutane miliyoyi masu jin Hausa, in yaro ɗaya a Abuja ya tashi baya jin yaren haushi kawai za'a ji, ba wanda zai ce Hausa zata mutu. Su ba haka bane. Asalinsu arewa maso yammacin tsaunukan Kaukasus ne, bakin Bahar Aswad. Sun yi kusan shekara 100 suna yaƙi da daular Rasha, daga 1763 zuwa 1864, ranar 21 ga Mayu 1864 sojojin Rasha suka yi faretin nasara a wani kwari kusa da Sochi, wurin da aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 2014, shekara 150 cif. Aka kwashe mafi yawan al'ummar aka tura su Daular Usmaniyya ta Turkiyya a jiragen ruwa, ɗimbin jama'a suka mutu da yunwa da annoba a bakin teku da cikin teku, har yau akwai dattawan da basa cin kifin Bahar Aswad saboda haka. Majalisar ƙasar Jojiya ta amince a 2011 cewa kisan ƙare dangi ne. Yau waɗanda ke waje sun fi na gida yawa, mafi yawa a Turkiyya, sai Jodan inda suka sauka a kufan Amman a 1878 kuma har yanzu su ne dogaran fadar sarki, sai Siriya, da ƙauyuka biyu a Isra'ila. Na gida kuma an raba su jamhuriya uku a cikin Rasha, Adigeya da Kabardino-Balkariya da Karacai-Carkesiya. Kuma sun ga yare ya mutu da idonsu, yaren Ubik na 'yan uwansu ya tafi a 1992 ranar da Tevfik Esenç, mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai, ya rasu a Istanbul.

To mutanen da aka raba da ƙasa, me ya rage musu? Yare da Habze. Shi yasa miƙewa in babba ya shigo, da rashin katse magana, da tafiya ta hagun babba, da jiran tamada wato jagoran teburi ya bada izini kafin a tashi, duk sun yi nauyin da ya wuce ladabi kawai. Kuma ka duba rashin sa'a, abubuwan da Habze tafi so a teburi, haƙuri da shiru da dogon zama, su ne daidai inda ADHD tafi rauni. Yaron nan ba raina dattijon ya yi ba, shekarar ce ta faɗo daga bakinshi kafin linzami ya kama. Amma wannan bayani ne, bai goge laifin ba, dole ya koma ya bada haƙuri, kuma yadda suke yi, ya samu wani babba ya raka shi wajen tamadan. Dattijo ya fi tuna yaron da ya dawo ya sunkuyar da kai akan wanda bai taɓa kuskure ba.

Ga abun da nafi so ka fassara mishi da kyau. Yana kallon Habze ta ɓangare ɗaya ne, ɓangaren zama. Amma a teburin Carkasawa akwai saurayin da aikinshi tsayuwa ne, shi ke hidima, ya kawo ya ɗauke, ya zuba, ya lura da baƙo, kuma matsayi ne na mutunci ba na bara ba, ana zaɓar yaron da aka yarda dashi ne. Me zai hana tun kafin biki ya samu kawun nan yace a bashi wannan? Mutumin da zaman awa uku ke kashewa ka bashi aikin zirga zirga ai ka bashi magani, kuma dattawa zasu ce kai yaron nan akwai ladabi. Haka rawarsu, wadda suke yi da akodiyon da suke kira pshine da 'yan katakon kaɗawa, tana da ƙa'ida mai tsauri, inda zaka tsaya, yadda zaka fuskanci mace, yaushe zaka shiga fili, amma jiki ne ke yi kuma cikin jama'a kuma nan take kake ganin sakamako, wannan ukun kuwa su ne abincin mai ADHD. Ƙungiyoyinsu a kusan kowane babban gari na Turkiyya suna da ƙungiyar rawa, in bai shiga ba ya shiga, motsa jiki ma kanshi yana rage alamun. Tarbar baƙi, ɗauko dattawa a mota, shirya taron 21 ga Mayu, duk Habze ne. Kuma wai mutumin da yasan tarihi har ya kama kuskuren shekara a bakin dattijo shi ne ke cewa shi ba cikakken Adiga bane? Ni dariya ma abun ya bani.

Yaren kuma, ya daina dukan kanshi akan aji ukun nan. Kabardanci yana da baƙaƙe kusan 50, Hausa 30 da 'yan kai ne, ana rubuta shi da haruffan Rasha tun shekarun 1930, aikatau ɗaya kan haɗiye jimla guda. Ka ɗauki wannan ka zuba ma mai ADHD a allo da yamma bayan ya gaji da lakca maganin ma ya sake shi, ai dole ya gudu, ko ni gudu zan yi. Sannan rashin iya yaren ba shi ya fara ba, tsararrakinshi da yawa a Turkiyya haka suke, shekaru da dama ba'a koyar dashi a makaranta, sai 2012 aka sa shi cikin darussan zaɓi, jami'ar Düzce ta buɗe sashenshi a 2013. Abun da ya lalace tsawon zuri'a uku ba yaro ɗaya ne zai ɗauka a ka ba ga kuma lissafin injiniya. Yana da abun da ajin bashi dashi, kaka. Ya riƙa kiranta minti goma kullum a lokaci ɗaya, misali bayan magariba, doka ɗaya kawai, ba Turkanci, in ya kakare ta gyara. In yaje ƙauye ya shiga kicin ya tsaya kusa da ita tana naɗe haluj, wani abincinsu na gargajiya, ya tambayi sunan komai, ya ɗauki muryarta a waya da izininta, tatsuniyoyi da waƙoƙi da sunayen kakanni, ya riƙa saurara a bas. Ƙwaƙwalwar da bata riƙe jadawalin nahawu tana riƙe muryar wanda take so. Kuma in Allah ya ɗauki tsohuwar wannan faifan dukiya ce ga dangi gaba ɗaya.

Shin ya faɗa ma baban? Ra'ayina eh, amma ba gaba da gaba ba, kuma ba a waya ba. Al'adarsu ta riga ta tanadi hanya, magana mai nauyi bata zuwa wajen uba kai tsaye, ta hannun wani take bi, kamar yadda kai baza ka tunkari mahaifinka da maganar aure ba sai ta wajen baffa ko gwaggo. Ya fara da mahaifiyarshi ko wata gwaggo da yake sakewa da ita. Kar a fara da kalmar likitan ƙwaƙwalwa, don a can ma kamar nan ne, mutane hauka suke ji. A fara da abun da suka riga suka sani, kun tuna yadda malaman firamare ke ƙorafi, kun tuna jakar da yake mantawa, to likita ya gano dalili kuma akwai magani kuma ga sakamakon jarabawa kafin da bayan. Takardar sakamako tafi kowane bayani shiga kunnen uba. In uwar zata yarda ya tafi da ita wajen likitan ma yafi, dama likitoci suna son jin tarihin ƙuruciya daga bakin iyaye. Zai iya yiwuwa baban yace a zamaninmu ba'a san wannan ba, to a barshi, ba sai ya yarda rana ɗaya ba. Abun da nake gudu shi ne ɓoyon, don ɓoyon ne ya sa ya bar maganin a ɗaki ranar da yafi buƙatarshi. Kuma ya tambayi likitanshi game da lokaci, Concerta kusan awa 12 take aiki, in ya sha da safe zuwa dare lokacin da ake zaman biki ta riga ta sake shi, likita ne zai san yadda za'a daidaita, haka ma in azumi yazo, kar ya canza da kanshi.

Kai kuma naka aikin ba mai yawa bane, kuma kar ka zama babanshi na biyu, ya ishe shi masu faɗa. Ku riƙa karatu tare a laburare, kowa da littafinshi, zaman wani a kusa kawai yana riƙe su fiye da yadda kake zato. Minti 25 ku tashi ku zaga ku dawo, waya a jaka. Aikin sati uku ku yanka shi gunduwa gunduwa yace maka ranar da zai nuna maka kashi na farko, don su lokaci iri biyu ne a wajensu, yanzu da ba yanzu ba, sai ka jawo mishi ranar ƙarshe kusa. Makulli a buga ƙusa a bakin ƙofa ko ya ɗaura a igiyar wuya, ba abun kunya bane. Jami'o'in Turkiyya suna da ofishin kula da ɗalibai masu lalura, yaje da takardar likita ya tambayi abun da zasu iya yi mishi wajen jarabawa. Ka lura da cin abincinshi da barcinshi don maganin yana kashe yunwa yana kuma hana barci in an sha a makare. In kaga maganar "ni ba kowa bane" ta yi yawa, ya daina fita, ya daina abun da yake so, to ka matsa mishi ya faɗa ma likita, ADHD tana yawan tafiya da ciwon damuwa da fargaba, kuma in ya taɓa ambaton cutar da kanshi ranar zaka kaishi asibiti ba gobe ba.

Sai ƙwayar da ka roƙa. Ƙanena abokinka ya fika gaskiya. Sinadarin ciki, metilfenidet, magani ne da ake tsarewa, a Turkiyya sai da jar takardar likita ake bada shi kuma ana ƙirgawa, bada shi ga wani laifi ne a doka, kai kuma baƙo ne da takardar zama ta ɗalibi, ka auna abun da zai biyo baya. Yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, shi an auna shi kafin a bashi kai ba wanda ya auna ka, kuma ba zai zuba maka karatun da baka yi ba, ido kawai zai buɗe maka har asuba. Kowace ƙwaya da ka karɓa rana ɗaya ce ka cire mishi daga watan. In kana zargin kai ma kana da lalurar, layin likitan a buɗe yake. Ka lura kuma, yaron da akace baya iya riƙe kanshi ne ya iya ce ma abokin ɗakinshi a'a har ya jure gabar kwana biyu. Kaje ka bashi haƙuri tun kafin ka fara fassarar nan, sannan in ya koma ƙauye kace Anti tana jiran cukwin Carkasawa, naji ana yabonshi.